Wa Ke Share Kabarin Mage?

Kaka,

Ina gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ina nan ina haɗa tarihin gidanmu. A ofishin tsofaffin takardu na sami sunayen 'ya'yanki huɗu. Amma a maƙabarta, jikin katanga, na ga wani ƙaramin kabari a share tas, da allon ƙarfe mai sabon fenti: "Mage, 'yar kafinta." Kafinta ai kakanmu ne. Wace ce Mage? Ki huta lafiya.

Jikanki

*

Angona,

Gaisuwa mai yawa. Matar tela ce ke rubuta mini, na ce kada ta gyara mini magana.

Wa ya aike ka? Kai da ko sabulu ba ka saya wa amaryarka, yau ka zama mai bin kaburbura?

Mage ta fari ce. Ba ta kai suna ba ta koma, shi ya sa babu ta a takarda. Kukanta siriri ne kamar na kyanwa. Ko ubanka bai san da ita ba. Mu uku muka san sunan nan: ni, kakanka, sai ƙanena Auta da ya laƙa mata shi, shi ya ɗauke ta a hannu zuwa can. Kakanka ya mutu. Auta kuwa ya yi faɗa da babanmu ya bi motar kaya, daga baya aka aiko mana ya rasu. Na yi kukansa na gama.

To wa ya yi fentin? Ni ban yarda ba. Wani ne ke neman shiga jikinmu. Kada ka faɗa wa kowa inda nake. Allah ya tsare.

Kakarka

*

Kaka,

Barka da hutawa. Mai gadin maƙabartar ya haɗa ni da mutumin. Tsoho ne, yana gyaran keke a bakin tasha. Da na ambace ki sai ya ajiye sifana ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ne Auta. Wai ya dawo ya tarar an rushe unguwarku, wani ya ce masa kin rasu. Kabarinki yake nema ya ga na Mage. Yana roƙon ya zo. Na gaishe ki.

Jikanki

*

Angona,

Ina amsawa. Kai komai aka faɗa maka sai ka haɗiye! Zama a ƙasa wuya ne? Auta ko tayar baro bai iya ɗaurawa ba, yaushe ya zama mai gyara? Kuma wane ne wanin da ya kashe ni da baki? Ya faɗi sunansa mana.

Matar tela ta ce mutum yana koyon sana'a. Ba ita na tambaya ba.

Shin har yanzu yana in'ina in ransa ya ɓaci? A'a, kada ka tambaye shi, sai ya ƙirƙira. Bar shi kawai. Sai na ji daga gare ka.

Kakarka

*

Angona,

Gaisuwa. Ban jira amsarka ba. Kawo shi. Ka zaunar da shi bayan labule, ya fara magana kafin ya gan ni. Idona ya tafi amma kunnena na nan. In ba shi ba ne, ka ba shi ruwa ya kama gabansa. In kuwa shi ne

Ni matar tela ce. Ta rufe fuska da mayafi, na jira, ba ta ƙarasa ba. Ku dai zo.