Baba, An Gano Sunan Barcina

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Lawali, ɗanka na fari. Inna tana nan da ranta, sai ciwon gwiwa, ƙannena kuma duk lafiya. Na san wasiƙa ba ta kaiwa inda kake, amma akwai maganar da kai ka fi kowa cancantar jin ta.

Baba, barcin nan nawa ciwo ne. Yana da suna, yana da likitocinsa, har magani gare shi.

Ka tuna lokacin da ya fara. Ba a daɗe da ba mu jiha ba, Gusau ta cika da baƙi, motarka ba ta hutawa tsakanin Gusau da Tsafe. Ka ɗauke ni yaron mota don in koyi tuƙi in gaje ka. Ina tsaye ina kiran fasinja sai barci ya sare ni. Ina cin tuwo sai a ga loma a hannuna, kaina ya rataya. 'Yan tasha suka sa mini Lawali Gyangyaɗi, har yaran da na girma suna kirana da shi.

Wasu suka ce maka ƙwaya nake sha. Wata rana ka ja ni bayan mota, ka ce in zazzage aljihuna. Goro ne kawai da asuwaki. Ka daɗe kana kallonsu a tafin hannuna, sannan ka ce, "To mi ka damunka, Lawali?" Da ƙwayar ka samu, da aƙalla ka san abin da za ka yaƙa.

Akwai abin da ban taɓa iya yi maka bayani ba. In na yi dariya sosai, gwiwoyina sai su saki, haɓata ta faɗo, in zube ƙasa ina jin komai amma ba na iya ɗaga ko yatsa. Da direbobi suka gane haka, sai ya zama abin wasa. Su kewaye ni a rumfar mai shayi, wani ya kawo labarin ban dariya, su jira in faɗi. Daga nan na hana kaina dariya. Kai kuma ka ɗauka baƙin rai na koya, kana ce wa Inna yaronta ya fara ɗaure wa mutane fuska.

Sai ranar hanyar Tsafe. Da damina ce, gero ya yi kai. Ka ba ni sitiyari, ka zauna gefena, mota cike da 'yan kasuwa. Abin da na sani kawai ina kallon titi, sai na farka da salatin mata, muna tsakiyar gonar mutane, hannunka a kan sitiyarin. Wata mata ta ƙanƙame jaririnta tana kallona. Ba wanda ya ji rauni. Ka ba mai gona haƙuri, ka ba fasinja haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kai da ba a taɓa jin ka taka ko kaza ba. Sannan ka juyo ka ce, "Ba ka sake taɓa motar ga ina raye." A kujerar baya na koma Gusau, tsakanin buhunan barkono.

Ka yi iya ƙoƙarinka, ban manta ba. Rubutu, hayaƙi, jiƙo daga wajen wani tsoho a Ruwan Bore, maganin ƙarin jini daga kemis. A asibiti suka ce zazzaɓi ne, suka ba ni allurai. Da kowa ya gaza, sai aka koma cewa lalaci ne. Ni ma na yarda lalacin ne.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Bunguɗu. Kai da Kawu Bala kuka raka ni gaida mahaifin Luba, yarinyar da nake nema. Ka ara mini babbar rigarka. A hanya na tauna goro har bakina ya yi ɗaci, ina mintsinin cinyata. Muka zauna a zaure, dattijon ya fara magana kan amanar 'ya mace. Na ji farkon maganar, ban ji ƙarshenta ba. Da na buɗe ido, zauren ya yi tsit, hulata tana kan tabarma, miyau ya jiƙa wuyan rigarka. Kanka yana ƙasa, Baba. Ban taɓa ganin ka sunkuyar da kai gaban wani namiji ba sai ranar. Ba a yi mako ba suka aiko cewa a bar maganar.

Ka rasu ƙarshen casa'in da tara. Ko a zaman makokinka ban fita kunya ba. Ina cikin masu karɓar gaisuwa a ƙofar gida, liman yana addu'a, barci ya ɗauke ni. Na farka na ji wani yana cewa ko mutuwar ubansa ba ta hana shi barci ba. Wallahi Baba ba rashin damuwa ba ne. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayanka na buɗe shagon tayoyi a Sabon Gari, na auri Balki, mace mai haƙuri, muka haifi yara huɗu. Bara wajen sunan jikana, dariya ta kubce mini, na faɗi na fasa goshi. Likitan da ya ɗinke ni ya tambayi yadda aka yi, da Balki ta ba shi labari sai ya ajiye alƙalaminsa ya yi ta tambayoyi. Ya tura ni Abuja wajen likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Suka manna mini wayoyi a kai, suka sa ni kwanciya da rana tsaka suna auna yadda barci ke ɗaukata.

Likitar ta ce sunan ciwon nakolefsi. A ƙwaƙwalwar kowa akwai wani sinadari da ke riƙe mutum a farke, nawa ne ya ƙare tun ina saurayi, kuma rashinsa ne ke sa gwiwa ta saki in an yi dariya. Ta ce masu bincike a ƙasashen waje ba su gano sinadarin ba sai ƙarshen shekarun casa'in. Wato lokacin da kake yawo da ni gidajen masu magani, su kansu likitocin duniya a lokacin suke lalubo bakin zaren. Ba abin da za ka iya yi da ba ka yi ba.

Yanzu ina shan magani da safe, in ɗan kwanta bayan azahar da gangan. Ban warke ba, amma ina sauraron huɗuba daga farko har ƙarshe. Kunyar ce dai ba ta da ƙwaya. Har gobe in mota ta bi da ni ta Bunguɗu, sai in ga ina kallon ƙafafuna.

Da na dawo na zauna na yi wa Inna bayani. Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce a ciwonka na ajali ka kira ta ka ce, "Ba kunyar Lawali nika ji ba, tsoro nika ji. In na tafi, wa za ya riƙa tashe shi?" Shekara ashirin da wani abu ina zaton da takaicina ka tafi, Babana, ashe da tausayina ka tafi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yalwata makwancinka. Ya saka maka da Aljanna kan duk sunkuyar da kan da ka yi saboda ni. Ya tashe mu tare ranar da ba mai gyangyaɗi, in gaishe ka ido buɗe.

Ɗanka,
Lawali