Abin da Mai Shayi Ta Ji

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun wasiƙa, alhali idon naka ma lallaɓa shi kake yi. Da kunnenka yana ɗaukar waya da ban wahalar da kai ba, amma ka san yadda muke ƙarewa: ina ɗaga murya, kana cewa na'am, maƙwabta suna sauraro. Ina fata kana lafiya, da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka aiko direba ya tambaye ni wane irin aiki ne 'yarka Auta, autar tawa, ta samu. Zan faɗa maka iya fahimtata. Kamfanin nan ne da nake dafa wa shayi, mai rassa a ƙasashe da yawa. Sun ɗauki matasa goma sha biyu da suka karanta kwamfuta, za su horar da su shekara biyu. Duk wata shida sai a sauya wa mutum sashe. In an gama a riƙe huɗu, a sallami takwas. Wai shugabannin gobe ake nema a cikinsu. Yanzu saura mata wata biyu.

Da farko a teburin amsa waya aka ajiye ta. Duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi ita zai kira, wani da faɗa, wani ma ashe bai jona ta da wuta ba. Daga nan aka kai ta ɗakin manyan na'urori, mai sanyin da sai da na saya mata rigar sanyi. Ana kuma koya musu shugabanci. Ran nan na shiga da tire na tarar an raba musu tsinken shan lemo wai su gina hasumiya, manya suna tsaye suna rubuta wanda ya fi ba da umarni. Ni na share tsinkayen bayan sun tashi. Kowane gida da irin karatunsa.

A watan jiya manhajar da ke lura da kayan sito ta tsaya cak. Manyan motoci suka yi layi tun daga ƙofa har bakin titi, ba mai iya fitar da ko kwali ɗaya. Kwana uku ana abu ɗaya. Auta ce ta gano inda matsalar take. Na san haka domin ni na riƙa kai mata shayi yana hucewa ba ta taɓa ba. Da babban manaja ya tara su ya tambayi wanda ya gyara, sai ta sunkuyar da kai ta ce aikin kowa ne. Wani abokin horonta da suke kira Mai Kwat ya miƙe ya yi bayani tiryan-tiryan, aka tafa masa. Ba gulmarsa nake yi ba, shi ma ya yi wahala, kuma bai yi ƙarya ba. Ya dai faɗi nasa, ita ba ta faɗi nata ba.

A ranar na ji daɗi, na ce tarbiyya ta kama. Ka sa mana ita a addu'a.

Ƙanwarka,
wadda 'yan ofis ke kira Goggon Shayi


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina sake neman afuwa, ga wata wasiƙar tun ba ka huta da waccan ba. Ina gaishe ka da mutanen gida. Yaya, ina cikin tsaka mai wuya, kuma ba ni da wanda zan kai wa sai kai.

Ranar Talata shugabar horaswa da manajoji biyu suka shiga ƙaramin ɗakin taro da takardun yaran nan. Aka ce in kai shayi. Ka san shekara goma sha tara ina shiga ɗakunan nan da tire, ko bango ne ya isa ya fara jin yarensu. Ina cikin zubawa na ji sunan Auta. Na yi gyaran murya don su san da mutum, ba wanda ya ɗago. Mai shayi kamar labule take a wurinsu. Auta ta rubuta a takardar ɗaukarta cewa ni mahaifiyarta ce, amma wannan shugabar daga wani reshe aka kawo ta bana, ban jin ta taɓa buɗe shafin.

Abin da suka ce shi ne, uku sun riga sun tabbata, gurbi na huɗu tsakanin Auta ne da Mai Kwat. Ɗaya manajan ya ce a iya aiki ba wanda ya kama ƙafar Auta. Shugabar ta ce ba a ɗora mutane a kan wanda ba ya iya tsayawa ya ce ga abin da na yi. Ta ce za ta jira jawabin ƙarshe da kowa zai yi ranar Litinin ta sama. In yarinyar ta fito ta nuna ita ta ja ragamar aikin sito, gurbin nata ne. In ta sake rabar da shi, shi ke nan. Na ajiye sukari na fito.

Yaya, ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu a takarda cewa abin da na ji a ɗakunan nan a nan zan bar shi. Ko ba takarda, kai shaida ne ga abin da Baba ya karantar da mu: zama amana ne, kuma ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Na ji an tsara korar mutane ina zuba musu madara, na haɗu da waɗanda za a kora ɗin a matakala na gaishe su, ban taɓa ko ƙyafta ido ba. Yanzu don abin ya zo kan tawa sai in buɗe baki? Shi Mai Kwat ba shi da uwa mai shiga da tire. In na faɗa mata, ban ci haƙƙinsa ba? Ko wannan da nake rubuta maka sai da na yi istigfari, na ce neman fatawa ne, kuma kai ba ka san kowa a can ba.

Na gwada bi ta gefe. Jiya Asabar da hantsi ina guga, tana tsaye gaban madubi tana gwada jawabin, tana fassara mini. Ta gode wa mai kula da sito, ta gode wa Mai Kwat, har mai gadin da ya jera motoci sai da ta ambata. Na jira in ji inda za ta sa kanta, har ta kai ƙarshe ban ji ba. Na ce mata ai ba laifi ba ne mutum ya faɗi abin da hannunsa ya yi, in gaskiya ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Inna, yau ke ce da wannan? Ke da kika murɗe mini kunne a gaban baƙi ranar da na ce ni na zo ta ɗaya, kika ce yabon kai jahilci?"

Haka aka yi kuwa, tana 'yar shekara tara. Ni har na manta, ashe ita tana riƙe da shi. Sai ƙaurin gyalenta na ji a ƙarƙashin dutsen guga.

Ka duba mini, Yaya. Akwai hanyar da zan faɗa mata ban ci amana ba? In babu, ka ce mini babu, ko zuciyata ta zauna wuri ɗaya. Kwana takwas suka rage. Direba zai juyo ranar Laraba, ka ba shi ko layi biyu ne.

Ƙanwarka


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni, na zame maka kamar ciwon haƙori. Ina fata jikin da sauƙi. Direba ya ce ya tarar an kwantar da kai saboda ƙafar, ya bar takardar a hannun mai ɗakinka. Ban ga laifin kowa ba. Allah ya tashi kafaɗunka.

Ban faɗa mata ba.

Ranar Juma'a na yi niyyar samun shugabar da kaina, in ce mata na ji abin da bai kamata in ji ba, kuma yarinyar tawa ce, kuma ni na maishe ta haka. Na tsaya a bakin ofishinta da kofi a tire. Ta karɓa idonta na kan kwamfuta, ta ce na gode Goggo, yau ban da sukari. Na ce to. Na ja mata ƙofa. Ina ganin ko da na yi magana roƙo zai zama, kuma roƙon ma wani nau'in cin haƙƙi ne. Ko kuwa tsoro ne kawai na sa masa rigar tsoron Allah, ban sani ba.

Ranar Litinin ni na kai ruwa ɗakin taron. Na daɗe ina jera kofuna fiye da yadda ya kamata. Auta ta tsaya gaban majigi da gyalen da na sake saya mata, muryarta ba ta yi rawa ba. Ta nuna layin motoci, ta nuna inda matsalar ta ɓuya, ta jero sunayen mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Shugabar har ta buɗe mata ƙofa, ta tambaye ta a cikin duk waɗannan wa ya fara gano wurin. Na riƙe butar ruwa da hannu biyu. Auta ta yi murmushi ta ce Allah ne ya taimake su gaba ɗaya. Na ga shugabar ta yi ɗan rubutu ta rufe biro.

Jiya Alhamis aka kira su ɗaya-ɗaya. Mai Kwat ne na huɗu. Ya zo har kicin ya ce in sa masa albarka, na sa masa, kuma har zuciyata. Auta za ta mayar da katin shiga ƙarshen wata. Sun ce za su ba ta takardar yabo mai kyau.

A motar komawa gida ba ta yi kuka ba, ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta ce shugabar ta yi mata bayani da mutunci, ta ce aikinta ba shi da na biyu, abu ɗaya suka jira su ji daga bakinta ba su ji ba. Sai ta kwantar da kanta a kafaɗata kamar tana ƙarama, ta ce, "Da wani ya ɗan ja mini kunne, Inna, wallahi da na faɗa. Minti ɗaya ne fa."

Na ce mata haka Allah ya rubuta. Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa jin gaskiya ta yi mini ɗaci a baki kamar wannan ba.

Yau ta tashi da wuri tana gyara takardun neman wani aikin, tana tambayata ko akwai inda na ga ya kamata ta gyara halinta, wai ni na fi kowa sanin mutanen nan. Na ce bari in yi tunani. Ranar Litinin kuma zan koma in zuba wa mutum huɗun nan shayi.

Waccan tambayar ta wuce, Yaya, kada ka wahalar da idonka a kanta. Ga wadda ta rage. In gaya mata na sani, kwana goma sha uku kafin jawabin ina kwana ɗaki ɗaya da ita da maganar a cikina? In na faɗa, na fasa amanar da na saya da aikinta, kuma ban san da wane ido za ta dube ni ba. In na yi shiru, kullum za ta riƙa kwantar da kai a kafaɗar nan ba ta san komai ba.

In hannunka ba zai iya ba, ka faɗa wa mai ɗakinka ta rubuta. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka