Kada Ka Ƙarasa wa Ciyawar Nan Aski

Baban Dayana,

Na fita. Motar San José ba ta jiran kowa, kuma mai ɗinki ta ce in ban zo da safe ba rigar bikin Dayana ba za ta samu ba. Shinkafa da wakenka na kan murhu.

Ko barcin kirki ban yi ba saboda ciyawar nan. Jiya da tsakar rana ka sauke bakin injin yankan ciyawa har ƙasa, ka yi wa rabin filin ƙwal-kwabo, wai don ka daɗe ba ka sake yanka ba. Yanzu na duba, wajen ya yi ja kamar an babbake shi. Doña Socorro ta leƙo ta kan shinge da kofinta a hannu, ta ce, "Maƙwabciya, wurin rawa kuke gyarawa ko wurin shanyar wake?"

Ranar Asabar 'yarka za ta cika shekara sha biyar, kuma a kan ciyawar nan za ka yi rawar farko da ita, gaban dangina kaf.

Don Allah rabin da ya rage ka ɗaga bakin injin, kan ganyen kawai za ka rage, shi ma sai rana ta yi sanyi. Inda ya ƙone ka ba shi ruwa.

Kada ka ce mini ai zai tsiro. Haka ka ce ranar da ka aske kanka, har yau muna jira.

Yamileth