Dardumar Inna a Ƙarƙashin Mota

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Assalamu alaikum Yaya,

Ka gafarce ni da na dame ka. Yaya jikinka, yaya su Hajiya da yara?

Tunda farar hula suka dawo mulki, ƙaninmu Habibu yake jigilar 'yan siyasa da motarka, har robar sitiyari ta yage. Wai da kansa zai canja ta a ƙofar gida. Yaya, dardumar marigayiya Inna ya shimfiɗa ya kwanta ƙarƙashin motar! Da na yi magana cewa ya yi, "Haba, ba wankewa ake ba?" Na wanke, baƙin giris bai fita ba. Har yanzu raina a ɓace yake.

Na karɓe makullin motar. Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. Don Allah ka amsa da wuri: in mayar masa, ko in riƙe?

Ƙanwarka,
Rabi