Murfin Langarki Ya Zauna, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana tare da ke a makwancinki. Ni ce Yagana, autarki. Na san saƙo ba ya isa inda kike, amma duk wanda na kai wa kukana sai ya ce in yi haƙuri, ke kuwa kya bar ni in gama magana tukuna.

Inna, na gaji. Wuni nake a tsaye a shagonmu na kasuwar Singa, tsakanin katan-katan ɗin taliya da ihun 'yan dako. Kafin in ratsa cunkoson Bata in isa gida Sabon Gari, ƙafafuna sun zama ba nawa ba.

Ba wannan ne ya kawo ni ba. Takwararki ce, Ummi, wadda kika tafi kika bari tana goye. Yanzu tana cikin shekara ta huɗu. Malamarsu ta kira ni ta ce yarinyar kanta da nauyi. Takalmi a juye take sawa. In an ce ta sa jaka a ƙarƙashin tebur sai ta ɗora a kai. Rubutunta ba ya zama kan layi. Wai in ba ta gyara ba, za ta maimaita aji. Maimaita aji, Inna, yarinyar da har yau sai an hura mata koko! Babanta ya ce a ɗauko mai lesin. Ni kuwa kalmar nan ta nauyin kai ce ta tsaya mini a rai, har kuka na yi a cikin adaidaita.

Sai na tuna tsakar gidanmu na Fagge. Ke ba kya nuna abu da yatsa. Cewa kike, "Ɗauko min ludayi, yana kudu da randa." In na nufi arewa, ko kai ba kya ɗagawa, sai dai ki ce, "Yau ta ina rana ta fito?" Haushi nake ji a lokacin, wallahi. Amma kafin in san harafi ɗaya na san gabas, na san bayan turmi, na san ramin da zan shiga da wanda kaina zai maƙale.

Ummi ba ta da tsakar gida. Ɗaki da falo ne a saman bene, sai waya a hannu. Ina za ta koyi sama da ƙasa, alhali ba abin da ta taɓa hawa sai kujera, ita ma ana yi mata tsawa?

Ana cikin haka Yaya Bukar ya tashi gyaran gidan namu na Fagge, ya fito da kwanukan jerenki zai bai wa 'yan gwangwan. Na kwaso langunanki masu shiga cikin juna. Baban Ummi ya ce na ƙaro mana tarkace. Da gaskiyarsa, don ba wurin ajiya, a ƙasa na zube su.

Da farko ganga ta mai da su, har maƙwabta suka yi magana. Daga baya ta dage sai ta cusa babba a cikin ƙarami. Ta danna, ta hau kai ta zauna, ta yi jifa da shi, ta fashe da kuka. Hannuna har ƙaiƙayi yake in jera mata in huta, sai na ji muryarki kina cewa, "Ƙyale ta ta gwada." Na ƙyale ta, ina ninke wanki ina yi mata irin maganarki: sa shi ciki, duba bayanki, wanne ya fi faɗi?

An ɗauki makonni. Ta iya biyu, ta iya uku. Sai na lura ta daina cusawa, tana tsayawa ta dubi wannan ta dubi wancan kafin ta ɗauka. Idonta ya fara riga hannunta aunawa.

Kin tuna murfin ƙaramar langar da ya lotse a gefe, wanda ba ya rufuwa sai kin juya shi lotsin ya dace da na bakin langar? Jiya bayan la'asar ta ɗora shi, ya ƙi. Na zuba ido ina jiran jifa. Sai ta karkata kai, ta riƙa juya shi a hankali da 'yan yatsunta, har ya faɗa mazauninsa. Ta ɗago ta ce mini, "Mama, wannan sai an juya shi yake zama." Ban taɓa nuna mata ba, Inna. Na shige banɗaki don kada ta ga hawayena.

Ban san me malama za ta yanke ba, kuma ko yau da safe a juye ta sa takalmi. Amma na faɗa wa babanta ba mai lesin da zai shigo gidan nan, kuma ko ta maimaita ajin, ba wanda zai ƙara kiran kanta mai nauyi a gabana.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki kabarinki kamar yadda kika yalwata mana tsakar gidanki, Ya raya miki takwara.

Taki har kullum,
Yagana, da Ummi da ke nan gefena, kudu da ni.