Warin Silifas Ɗin Ɗiyata Yana Wurina

An raine ni a kan uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, ba ta nuna ta damu da ita, kuma wannan kunyar ta cuce ni. Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, mai zagi ya bari in gama. Da girmana na shiga yaƙi da jahilci, da hannuna nake rubutun nan.

Ɗiyata tana aure a Gummi, cikin fari, ni ina ƙauye wajen Bukkuyum ni kaɗai tun rasuwar babanta. Na je dubiyar uwar mijinta, na ga yarinyar tana jan ƙafa, ƙafafun sun kumbura, silifas ya cinye har dunduniya na taɓa ƙasa. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarta, matar wani baƙo mai haƙar zinari, cewa a wurin awo an ce ta nemi takalmi marar tsini mai soso a ciki. Wa zai saya mata? Ni kuma da wane baki zan tambayi lambar ƙafarta? Sai na faki ido na tura wari ɗaya cikin hijabi, don in gwada a kasuwa.

Na sayo, na kasa aikawa. Ashe gidan ya kama da wuta, wai an ɗauki takalmin mai ciki don a yi mata asiri. Uwar mijin ta kira ni a waya: “Inna, baƙuwar nan ce, mun hana ta shigowa.” Na ce, “Allah shi kyauta.” Abin da na ce ke nan, ni da ba a taka ni in yi shiru! Baƙuwar nan ita kaɗai ke ɗebo wa ɗiyata ruwa, ta matsa mata ƙafa. Yanzu yarinyar tana wuni a ɗaki ba mai ce mata sannu. Na san irin wannan wunin.

In na faɗi gaskiya, surukai za su ce uwa ta yi sata saboda rashin kunya. Ɗiyar tawa kuma, ban taɓa kallon idonta na yi mata magana mai taushi ba. Na kwana ina tambayar kaina, me zan yi?

Washegari dai na sa tsohon warin da sabon takalmin a leda ɗaya, na hau motar Gummi. Ƙofar baƙuwar na fara yi wa sallama.