Tabon da Ke Bayan Baba

Kalakla, Hartum
14 ga Maris, 2004

Zuwa ga Yayana Zubairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Aliya da yara. Yaya zafin Jidda? Inna na gaishe ka.

An yi wa Baba aikin zuciya, ya dawo gida, har yana faɗan shayi ya yi sanyi. Amma akwai abin da na ɓoye maka, yau zan sauke shi.

Ka san wata huɗu muna jiran layin gasɗara, aikin nan da ake zura siririyar roba ta jijiya har zuciya, likita na kallo da hasken hoto. Da jira ya ishe ni, na kai shi wani asibitin kuɗi a Umdurman. Suka daɗe da shi a ƙarƙashin na'ura, jijiyar ta ƙi buɗewa. Bayan mako biyu wani jan tabo mai kusurwa huɗu ya fito masa a baya, kamar an ɗora dutsen guga. Inna ta ce zafin katifa ne, muka yi ta shafa man riɗi.

Da layinmu ya zo, maƙwabciyarmu Sittana ta ce idan masu asibitin da muke layi suka ji mun je wani wuri za su soke sunanmu. Na yarda, na ja wa Baba kunne ya yi shiru.

Sai Allah ya haɗa mu da Sitt Bakhita, mai kula da na'urar hoton. 'Yar gajeruwa ce, rigar dalmar da take sawa don kare jikinta daga hasken ta kusa rinjayarta. Ba ta barin kowa ya hau gado sai ta duba bayansa da idonta. Tana ɗaga rigar Baba ta tsaya cak. Ta tambaye ni ko an taɓa haska shi, na dubi tsabar idonta na ce a'a. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta dai bayyana mini cewa hasken nan ba ya wankuwa, taruwa yake a fata, idan aka ƙara a wuri ɗaya sai naman ya mutu. Nan na fashe da kuka na faɗi gaskiya.

Yaya, ban taɓa ganin mai aiki irinta ba. Ma'aunin na'urar ya lalace, kayan gyara ba sa shigowa ƙasar, ita kuwa da agogon hannunta take ƙirga kowane minti. Ta zagaye tabon da biro, ta sa aka karkata na'urar don hasken ya bi ta wani gefe. Ma'aikaciyar jinya ta ba ni labari cewa likitan, babban kanar ne na soja, yana gama jijiya ta farko ya nufi ta biyu, sai Sitt Bakhita ta ce lokacin da ta ɗiba ya cika. Ya daka mata tsawa, ta maimaita maganarta ba tare da ɗaga murya ba. Da ya ga jijiya ta biyun za ta iya jira, ya tsaya. Sai bayan wata uku za a koma kan jijiyar.

Ta ba mu kati mai ɗauke da mintocin, ta ce duk asibitin da Baba zai je a nuna. Sunanmu kuwa babu wanda ya soke.

Da likitan ya zo sallamarmu, da bakinsa ya ce da an maimaita haske a wurin nan, da Baba ya samu gyambon da ba ya warkewa. Ni kuma ranar aikin da safe, da hannuna na zaɓa masa riga mai kauri don kada a ga tabon. Baba ya yafe mini, saura kai.

Ka gaida Aliya da yara. Ka sa Sitt Bakhita a addu'a idan ka je Harami.

Ƙanwarka,
Kulu